Kwamfuta, data da rigingimun intanet: tambayoyin da ake yawan yi mini a shago

Shagona ɗan ƙarami ne a Tudun Wadar Kaduna, ba nisa da Kasuwar Barci. Gyaran kwamfuta nake yi, da buga takardu, da cike wa ɗalibai fom. Kafin nan na yi shekaru ina tsaron kafe na intanet, tun zamanin da ake sayen awa guda a rubuta maka lambar shiga a 'yar guntuwar takarda. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda bakina ya gaji da maimaitawa, shi ya sa na tara su wuri guda. Ra'ayina ne, wanda bai yarda ba ga benci nan, ya zo mu yi musu. Farashi kuwa ban sa ba, domin wanda na faɗa da safe dala kan ƙaryata ni kafin la'asar.

1. Ina da babbar waya. Me kuma zan yi da kwamfuta?

Wataƙila babu. Mutane kan yi mamakin jin haka daga bakin wanda abincinsa ke jikin kwamfuta, amma gaskiyar ke nan. In abin da kake yi bai wuce WhatsApp, kallon bidiyo, tura kuɗi da sayen tikitin jirgin ƙasa na Rigasa ba, Tecno ko Infinix ɗin da ke aljihunka ta wadatar. Na ga kwamfutoci da yawa da aka saya don dai a ce an saya, suka shekara cikin jaka a saman wadirof har batirinsu ya mutu.

Ɗalibin Poli ko Jami'ar Jihar Kaduna (KASU) da zai rubuta furojet mai shafi sittin, da mai shagon da ke son lissafinsa a Excel, da mai haɗa bidiyon biki, waɗannan su ne masu buƙata. Waya faranti ce, da ita ake ci. Kwamfuta tukunya ce. Ka fara tambayar kanka ko girki za ka yi.

2. Sabuwa zan saya ko Beljiyam?

In kuɗin ba su da yawa, Beljiyam mai kyau ta fi sabuwa mai araha, nesa ba kusa ba. Dalili shi ne, irin su Dell Latitude, HP EliteBook da Lenovo ThinkPad an ƙera su ne don ma'aikatun Turai da Amurka, su yi aiki da su 'yan shekaru su sauya, sai a kwaso su zuwa Legas, daga can su hauro Arewa. Jikinsu da ƙwari, kayan gyaransu kuma a samu. Ita kuwa sabuwar da ke sheƙi a kwali, mai ƙaramin injin Celeron da RAM 4GB (RAM ita ce wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai), ranar farko za ta ba ka sha'awa, wata na uku kana buɗe shafi huɗu a burauza za ta tsaya tana tunani.

Sai dai ba duk abin da aka kira Beljiyam ne Beljiyam ba. Akwai wadda a nan Kawo ko Kakuri aka yi shekara biyar ana gurzar ta, aka goge ta da mai, aka manna mata sabuwar sitika. Ga kuma wata cutar da ke damun mutanenmu: "Ni fa Injiniya, in ba HP ba ce ba na so." Suna kawai ake saye. Ko kuma a ji "Core i7" a rikice. Ka duba lambar da ke bayan ɗan layin: i5-3320M zuriya ta uku ce, ta 2012, i5-8250U zuriya ta takwas ce, ta 2017. Tsohuwar i7 ta zuriya ta uku ba ta kamo ƙafar i5 ta zuriya ta takwas ba, komai daɗin sunanta. Wannan lambar tana da wani amfanin kuma, yana tambaya ta 4.

In za a bi tawa: zuriya ta takwas ko sama, RAM 8GB, da ma'ajiya irin ta SSD, ko da 256GB ce. SSD ba ta da faifai mai juyawa a ciki, shi ya sa kwamfutar ke tashi cikin daƙiƙu, kuma jijjigar Keke Napep ba ta kashe ta. Tsohuwar kwamfutar da aka sa wa SSD kan koma kamar an yi mata wankan jego.

3. Me zan duba kafin in miƙa kuɗi?

Abu na farko, ka ce a zare caja. Ka lura da fuskar mai sayarwa lokacin da ka faɗa. Na taɓa raka wani ƙanena sayen laftof, mai shagon sai hira yake ja yana nuna mana kyawun sikirin, hannunsa ɗaya dafe da wayar caja kamar mai riƙe da akuyar da zai kai kasuwa. Da muka matsa ya zare, ko ƙiftawar ido ba a yi ba ta ɗauke ɗif. Ya ce wai ba ta gama shan wuta ba ne.

Bayan batir, ka danna Ctrl da Shift da Esc a tare, ka shiga sashen da ke nuna injin da RAM da ma'ajiya, ka karanta da idonka, kada ka dogara da sitika. Ka buɗe farin shafi ya cika sikirin don ka ga tabo ko layi. Ka taɓa kowane harafi a kibod. Ka soka filas a kowace kafa. Ka buɗe murfin ka rufe sau da yawa ka ji ko maƙalin yana ƙara. Ka juya bayanta ka ga ko kusoshin sun sha sukundireba. Ka tabbata babu kalmar sirri a BIOS, wato saitin da ke tashi kafin Windows, domin wannan ciwon kai ne na musamman.

Sannan rasit, mai ɗauke da lambar jikin kwamfutar da sunan shago. Wanda ya tare ka a bakin hanya da laftof rabin kuɗi, ranar da mai ita ya zo da 'yan sanda kai za a tarar da ita, shi ya daɗe da shan kwana.

4. An ce Windows 10 ta daina aiki. Gaskiya ne?

Ba ta daina ba. Abin da ya faru shi ne kamfanin Microsoft ya daina ba ta gyaran tsaro na yau da kullum daga 14 ga Oktoba 2025, in ban da waɗanda suka shiga shirin ƙarin wa'adi zuwa Oktoba 2026. Kwamfutarka za ta ci gaba da kunnuwa, sai dai duk ɓarakar da aka gano daga baya ba mai toshe ta. Windows 11 kuwa a ƙa'ida tana neman Intel zuriya ta takwas ko sama, da wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0. Ana iya tura ta da dabara a kan tsofaffi, muna yi, amma ba zan ba ka shawarar sayen tsohuwa yau da niyyar yin dabara gobe ba.

5. Kwamfutata tana zafi, fankarta tana ihu, wani lokaci ta kashe kanta. Bairos ne?

Komai ya samu kwamfuta a garin nan sai a ce bairos. Sau da yawa ƙura ce. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana cika ta da gari, sai zafin Maris da Afrilu ya zo ya tarar da hanyar iska a toshe. Ƙara da katifa: mutum ya ɗora laftof a kan bargo yana kallon fim, ramukan shaƙar iskarta kuwa a ƙasa suke. Wata malamar makaranta ta kawo mini tata daga Unguwar Dosa, ta riga ta yanke shawarar sayen wata. Da na kwance bayan, na sa hantsaki na zaro wani curin ƙura daga bakin fankar, ya dunƙule kamar audugar matashi, har da ƙafar kyankyaso a ciki. Na hure, na sauya ɗan man da ake shafawa a kan injin, shi ke nan. Ta tsaya tana kallon curin a tafin hannuna ta ce, "Yanzu Malam wannan abin ne ya hana ni barci wata biyu?"

Sau ɗaya a shekara, bayan hunturu, a buɗe a share. A ɗora ta a kan tebur ko faranti, ba katifa ba.

Abokin ƙura a kisan kwamfuta shi ne wuta. Lokacin da aka dawo da ita, yara na ihun murna, a daidai nan ne caja ke ƙonewa. In an ɗauke, ka zare daga bango, in an kawo ka ɗan jira. Ƙaramin janareta ma haka, musamman lokacin da mai ke ƙarewa yana shessheƙa. Cajar bogi kuwa, wadda ba ta da nauyi a hannu kamar kwalin ashana, araharta kan ƙare a kan allon injin gaba ɗaya.

6. Ina datata take tafiya? Jiya na saya, yau ta ƙare.

Kowa ya shigo da wannan maganar ya riga ya yanke hukunci cewa kamfanin layi ne ya sace. Ba zan yi musu lauya ba, kuma tsadar gaskiya ce, tunda a Janairun 2025 hukumar kula da sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Amma in na karɓi wayar na shiga saitin da ke nuna abin da kowace manhaja ta sha, ɓarawon a cikin gida yake. TikTok na sama, Facebook na biye da bidiyon da ke kunna kansa, sai WhatsApp da ke sauke duk wani bidiyon da aka jefa a guruf goma sha biyu, har da wanda ba za ka taɓa buɗewa ba.

Ka kashe saukewa ta kai-tsaye a WhatsApp. Ka hana Play Store sabunta manhajoji sai a Wi-Fi. A YouTube ka sauko da ingancin hoto zuwa 360 ko 480, a sikirin ɗin waya bambancin kaɗan ne, a data kuwa ninkin-ba-ninkin. Mafi muni shi ne ka ba laftof data daga wayarka: Windows na ganin intanet za ta fara sauke kayan sabuntawarta ba sallama. Ka shiga saitin Wi-Fi ka nuna mata cewa wannan layin a kan awo yake. Lambar *323# tana nuna ragowar data a kowane layi, *312# kuma ta saye ce.

7. To wane layi ya fi sabis a Kaduna?

Na unguwarku. Wanda ke gudu a Malali yana iya rarrafe a Hayin Rigasa, wani ma a gida ɗaya sai a bakin taga yake kamawa. Ka tambayi maƙwabta uku kafin ka zuba kuɗin wata. In saƙonnin talla sun dame ka, ka tura STOP zuwa 2442. In kana da ƙorafin da kamfani ya ƙi saurara, lambar NCC 622 ce. Starlink, intanet na tauraron ɗan adam da ya shigo Najeriya a Janairun 2023, yana aiki, amma abin makaranta ne ko ofis ko gidan da za a yi karo-karo, kuma shi ma wuta yake ci.

8. An ƙwace mini WhatsApp, ana roƙon kuɗi da sunana. Yaya aka yi, yaya zan yi?

Kusan kullum hanya ɗaya ce. Wani ya kira ka da ladabi, ya ambaci sunan guruf ɗin da kake ciki, na tsofaffin ɗalibai ko na masallaci ko na 'yan adashi, ya ce za a yi taro ta intanet da daddare, an turo maka lamba shida, ka karanto masa don a sa sunanka. Lambar nan ita ce makullin asusunka. Wata Hajiya ta iso shagona ko mayafi ba ta daidaita ba, ta ce, "Ɗana, wallahi yaron har da gaishe ni da jiki, ya san na yi rashin lafiya." Ya sani mana, a guruf ɗin ya karanta ana yi mata sannu. Kafin azahar an riga an nemi rance a wurin ƙannenta biyu da surukarta, ɗaya har ta tura.

Gyaran shi ne ka sake shigar da lambarka a WhatsApp, sabuwar lamba shida ta zo ta saƙon waya, kana sa ta an fitar da shi. In ya riga ya ɗaura nasa PIN, za ka iya jiran kwana bakwai kafin ka shiga. A tsakanin nan ka kira dangi da baki, ka sa wani ya sanar a guruf. Wanda abin bai same shi ba kuwa, yanzu ya shiga saiti ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ya sa PIN nasa da imel. Minti biyu ne. Hanyar da ake bi a kwashe kuɗin banki 'yar uwar wannan ce, tana tambaya ta gaba.

9. An kira ni daga banki an ce BVN ɗina yana da matsala. In ba su?

A'a. Kashe wayar. Bankinka ba zai kira ya nemi PIN na katinka, ko lambobin jikin katin, ko lambar da aka turo maka ta saƙo ba. Kada sanin cikakken sunanka da ranar haihuwarka su ruɗe ka, irin waɗannan bayanan sun daɗe da yawo. Makaminsu gaggawa ce: "Alhaji, nan da minti goma za a rufe asusun." In hankalinka bai kwanta ba, ka taka zuwa reshen da ke Ahmadu Bello Way ko wanda ya fi kusa da kai.

Abin da mutane ba su cika tunawa ba shi ne layin kansa. Tun da aka kawo BVN a 2014, aka kuma fara haɗa layi da NIN a ƙarshen 2020, ɗan katin nan ya zama makullin komai. Mai ƙwacen waya yau ba wayar ce kaɗai ta dame shi ba, layin zai cire ya sa a 'yar ƙaramar waya ya gwada lambobin tura kuɗi. Ka sa wa layinka PIN. In waya ta ɓata, ka rufe asusu da layi kafin ka zauna jimami. Masu shago kuma, tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 da kowa ya koma tiransifa, alat na bogi ya yawaita. Hoton rasit a wayar mai saye ba kuɗi ba ne, ka buɗe taka manhajar ka ga sun zauna.

10. Mainin ɗin nan da matasa ke yi, da gaske ana samu?

Mainin dai shi ne a yi ta danna wata manhaja a waya ana tara kuɗin intanet (kirifto), da fatan wata rana a sayar. An samu, sau ɗaya mai kyau. Notcoin ta fashe a Mayun 2024, wasu suka ga kuɗi na gaske, labari ya bazu. Daga nan majalisun unguwa suka yi tsit, kowa ya sunkuya yana dannan sikirin, har da masu furfura. Na ga mai shayi yana juya kofi da hannu ɗaya yana dannawa da ɗayan. Da Hamster Kombat ta raba nata a ƙarshen Satumban shekarar, da yawa abin da suka samu bai biya datar da suka ƙona ba, balle sikirin ɗin da ya sha yatsa. Masu Pi kuwa shekaru suka yi suna jira kafin ta shiga kasuwa a Fabrairun 2025.

Ni ba na zagin mai mainin, lokacinsa ne da datarsa. Inda nake ɗaga murya shi ne in an ce ka zuba kuɗi za su ninka cikin wata guda, ka kuma kawo mutum uku. Wannan ba mainin ba ne. MMM ta rufe da kuɗin jama'a a Disamban 2016, CBEX ta maimaita a Afrilun 2025, kuma a cikin waɗanda ta biyun ta cinye akwai waɗanda ta farkon ta taɓa cinyewa. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

11. YouTube da TikTok fa? Ɗana ya ce sana'arsa ke nan.

Sana'a ce ga wanda ya ɗauke ta sana'a. YouTube ba ya fara raba kuɗin talla na dogon bidiyo sai tasha ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata goma sha biyu (ko kallon gajerun bidiyo miliyan 10 cikin kwana 90), kuma abin da ake biya ya danganta da ƙasar da masu kallon suke. Kallo daga Najeriya ba ya kawo abin da kallo daga Amurka ke kawowa. Masu shirya fina-finan Hausa masu dogon zango sun samu gindin zama a can saboda suna saki duk mako ba fashi, da ma'aikata da kayan aiki. A TikTok kuwa, mafi yawan abin da ake samu a nan kyautar masu kallo ce lokacin shiri kai-tsaye, da tallan kayan wasu. Matsalar ita ce abin da ya fi jawo kallo shi ne faɗa da tonon silili, sai yaro ya wayi gari ya sayar da mutuncin gidansu a kan abin da bai kai kuɗin cefane ba.

Waɗanda na ga intanet ya riƙe da gaske ba su da suna. Matan aure ne a Unguwar Rimi da Badarawa da Kinkinau masu sayar da atamfa, turaren wuta, yaji da cincin ta sitatus ɗin WhatsApp da Instagram, ɗan acaɓa ko mai Keke ya kai saƙo. Da marubuta littattafan Hausa da ke sakin labari shafi-shafi a guruf ɗin da sai ka biya za ka shiga. Suna da abin sayarwa tun kafin su kunna data. Ka tambayi ɗan naka, Alhaji, shi me yake sayarwa.

12. Baba yana turo mana duk abin da ya gani a guruf. Ta yaya ake gane na ƙarya?

Akwai alamu. Ba suna, ba rana, ba wuri, sai "yanzu-yanzu" da "don Allah ka tura wa kowa". Ko murya ta wani da ba a san shi ba yana cewa ɗan uwansa soja ne ya faɗa masa. Ko a rantse maka cewa in ka tura wa mutum goma za ka ji albishir kafin magariba. WhatsApp da kansa ya taƙaita turawa zuwa wuri biyar a 2019, saƙon da ya sha yawo kuma yana zuwa da kibiya biyu a samansa. Hoto kuwa, ka sa shi a Google Lens, manhajar da ke binciko inda hoto ya fito, sau da yawa za ka tarar na wata ƙasa ne, na shekarun baya.

A wani garin wannan abin dariya ne. A Kaduna ba haka ba. Garin da ya ga rikice-rikicen 2000 da 2002 da 2011, garin da har yau mutum kan yi lissafin wane ɓangaren gadar kogin Kaduna yake kafin duhu, ya san abin da jita-jita ke iya haifarwa. Saƙo ɗaya na "an fara a Sabon Tasha" ko "an tare hanya a Rigasa" ya isa a rufe shaguna, iyaye su bazama makarantu. In ka ji irin wannan, ka kira wanda ka sani a unguwar da baki. Akwai kuma dokar laifukan intanet ta 2015, da aka yi wa gyara a 2024, ana gurfanar da mutane da ita.

Shi Baba, kada a gyara masa a gaban jama'ar guruf. A same shi a ɗaki, a gaishe shi, a nuna masa inda hoton ya fito. Nawa mahaifin yanzu shi ke turo mini da tambayar, "Duba mini wannan kafin in watsa."

13. Yaya ake rubuta ƙ, ɗ da ɓ? Kuma dole ne?

A waya, ka sa Gboard, wato kibod na Google, ka ƙara Hausa cikin harsunan kibod, haruffan za su samu, ko dai a fili ko in ka danne k, d ko b. A kwamfuta Windows tana da kibod na Hausa da ake ƙarawa a saitin harshe. In kana cikin Word kuma kana sauri, ka rubuta 0199 ka danna Alt da X, zai koma ƙ. Na ɗ shi ne 0257, na ɓ kuma 0253.

Dole? A hira da aboki, inda ake "slm ykk" a amsa "lfy lau", ba wanda zai kama ka. Amma a katin biki, allon shago ko takardar makaranta, baki daban baƙi daban, kasa daban ƙasa daban. Na taɓa hana a buga katin walima ɗari uku da ke cewa an tanadi wuri na musamman domin manyan baki.

14. ChatGPT da ire-irensa, suna jin Hausa? A yarda da su?

Suna ji, fiye da yadda Google Translate yake lokacin da aka sa masa Hausa a 2013, amma sau da yawa Hausar tasu Turanci ce sanye da babbar riga. Tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022 nake amfani da irinsu wajen tsara wasiƙa ko gano matsalar Excel, suna taimakawa. Aibinsu shi ne ba su iya cewa ban sani ba da sauƙi. Ɗalibi ya kawo furojet in buga, jerin littattafan da ke ƙarshe rabinsu babu su a duniya. Fatawa, maganin ciwo da lissafin gado, a kai wa masu su. Ana kuma haɗa bidiyon sanannen mutum da muryarsa yana tallan abin da bai taɓa ji ba, don haka abin da na faɗa a tambaya ta 12 ya hau kan bidiyo ma.

15. Yarona zai rubuta JAMB, bai taɓa taɓa kwamfuta ba. In saya masa?

Ba sai ka saya ba. Tun 2015 jarrabawar gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta, amma abin da ake buƙata kaɗan ne: riƙe linzami, zaɓar A, B, C ko D, matsawa gaba da komawa baya, da kallon agogon da ke sikirin ba tare da firgita ba. Sati biyu a wata cibiyar koyo ya wadatar. Yaran da ke faɗuwa saboda kwamfuta tsoro ne ke kayar da su, na ga mai hannu na rawa ya kasa daidaita kibiya a kan amsa, alhali a waya ya fi ni sauri. Ka tabbata dai NIN ɗinsa ya fito da wuri, sunan da ke ciki kuma ya yi daidai da na takardun makaranta harafi da harafi. In ka ga lallai sai ka saya, koma tambaya ta 2.

16. In na kawo gyara, kuna duba hotunan mutane?

Ni ba na yi, amma ba zan rantse wa kowa ba. Gyaran sikirin, batir ko wurin caja ba ya buƙatar kalmar sirrinka. In aikin na buƙata, ka tsaya a yi a gabanka, ko ka kwashe abin da ba ka so a gani. Abin da ya fi wannan ma, wanda ba ka so duniya ta gani kada ka ɗauke shi tun farko. Aure ya mutu a kan waya guda da aka sayar ba a goge ba.

Ɗaya gefen kuma shi ne masu kuka don komai ya tafi. Furojet na shekara guda a kwamfuta ɗaya, ba kwafi ko'ina. Asusun Google yana ba da 15GB kyauta, ka tura wa kanka aikin ta imel duk dare, ka kuma ajiye a filas.

17. Kai da ka ga jiya ka ga yau, intanet gyara mu ya yi ko ɓata mu?

Da layin wayar salula ya shigo a 2001, sai mai hali ke riƙe shi. A kafe mutum kan sayi awa guda, rabinta ta tafi wajen jiran shafin Yahoo ya buɗe, mu kwana da masu burauzin dare ana korar sauro. Sai zamanin 2go da Opera Mini a 'yar Nokia. A lokacin mutum kan zo intanet da buƙatarsa a rubuce, ya gama ya tashi. Yanzu ba a zuwa, ba a kuma tashi. Wannan ne kaɗai abin da nake kewa.

Amma masu cewa gara a rufe abin gaba ɗaya, ina tuna musu 2021. Rufe Twitter da gwamnatin tarayya ta yi daga Yuni zuwa Janairun 2022 bai taɓa yawancin mutanen unguwarmu ba, 'yan boko suka sa VPN, manhajar kewaye toshewa, suka ci gaba. Wanda ya taɓa mu shi ne na jiha, da aka katse sabis a wasu sassan Kaduna daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba saboda 'yan bindiga. Masu POS a can suka nannaɗe lema, ɗan kasuwa bai san farashin masara a gari ba sai ya zo da ƙafarsa. A cikin makonnin nan wani dattijo daga wajen Birnin Gwari ya shigo shagona ya ce a taimaka a sa masa waya a caji. Da ta kawo, ya zaro takarda daga aljihun 'yar shara, lambobi ne sun kai ashirin, kowace da saƙonta a gefe da ajami, na maƙwabta ne suka ba shi. Ya zauna a bencin nan tun hantsi yana kira ɗaya bayan ɗaya: a gaya wa wane matarsa ta sauka lafiya, namiji ne, a gaya wa wance kada ta taho ranar Laraba, hanya ba kyau. Da kati ya ƙare ya aiki yarona ya ƙaro na ɗari biyar, ya lashi yatsa ya juya bayan takardar.